Ruwan Rubutu a Ƙarƙashin Sit

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kai amaryar ƙanwar maigidana garin Badarawa, ko da kuwa dangi sun yi mini alfarmar mantawa (ba su yi ba).

Maigidan nawa, Baban Hafsa, kabu-kabu yake yi tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki. In ya fita, zuciyata ba ta dawowa mazauninta sai na ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida. Da ya sa aka ɗaura masa ƙarin fitilu biyu saboda ramuka, ya ɗaga sit ya nuna mini wani ɗan baƙin akwati, bai kai na ashana ba. Ya ce sunansa rile, shi ke sakar wa fitilun wuta. "Wanga shi ne ransu," in ji shi.

Ni kuwa na riƙe maganar. Tunda nan ran yake, ai nan ya kamata a tsare. Na karɓo rubutun tsari wajen malaminmu, kullum da safe in yana wanka sai in ɗaga sit in yayyafa, in bi da addu'a. (Na yi sakandare fa, har darasin lantarki an yi mana. Ban san inda na ajiye shi ba.)

Fitilun suka soma wasa, yau su kama, gobe su yi ta kyaftawa. Baban Hafsa ya dinga faɗa wai abokinsa Sani, mai gyaran wayar mashin, jabu ya saka masa. Ni kuma da na ga haka sai na ƙara yawan ruwan.

Ranar biki da la'asar, mashina sun jeru, shi ne a gaba, ya goya Gwaggo Asabe, yayar mahaifinsu, wadda ba a yi wa musu. Ya kunna fitilun don a gani. Ba a bar layinmu ba sai ga hayaƙi daga ƙarƙashinta. Ta diro tana salati tana kakkaɓe leshinta.

"Ƙona ni za ka yi, ɗan nan?"

Guɗa ta tsaya. Baban Hafsa ya cafko Sani cikin 'yan rakiya, yana ce masa macuci a gaban surukai. Sani ya ɗaga sit, ya ɓalle murfin da ya narke.

"Rile dai ruwa ke kashe shi, ko tsatsa, ko waya ta yi sako-sako, ko a ɗora mishi abin da ya fi ƙarfinai," ya ce. Ya dangwala yatsa, ya murza, ya shinshina. "Amma wanga baƙin abu mai danƙo, wallahi tawada ce da ƙaro. Wa ke ba mashin rubutu?"

Da na yi shiru, da har yau Sani ne macuci. Amma na ji tsoron Allah.

"Ni ce."

Dariya ta ɓarke har daga cikin motar amarya. Gwaggo Asabe ta riƙe haɓa. "To, Malama, shi mashin ɗin ya sauke ko yana izu na nawa?"

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da Baban Hafsa ya dube ni ya ce, "Ke kam ba ki da aikin yi." Babu wanda ya tambayi abin da nake tsoro. Aka ba wani ya ja gaba, Baban Hafsa ya tsaya gyara, ni na koma ɗaki da lallena da sabon ɗinkina.

Har yanzu a dangi Malamar Mashin ake kirana. Addu'a kam ban fasa ba, sai dai daga bakin zaure nake yi, hannuna a bushe. Na gane Allah yana ji ko ba a ɗaga sit ba.