Shirun Lionel Abruzzo

Duk birnin New York babu maƙogwaro irin na Lionel Abruzzo. Wanda bai yarda ba ya tambayi Lionel ɗin.

Shekara da shekaru yana zaman jiran gado a wani babban gidan wasan waƙe: ranar da jarumi ya kwanta ciwo, shi zai hau dandamali. To, jarumin nan ko mura bai taɓa yi ba, ɗan banza, har aka rufe wasan. Amma waƙa ɗaya daga ciki, wadda mutum ke cewa ya gama ɓoye kansa, ta tsere ta shiga titi. Maza masu son maza da mata masu son mata suka mai da ita tasu. Da ita ake biki, da ita ake binne aboki.

"Ni na raine ta," in ji Lionel, yana gyara gyalen wuyansa. "Ku ihu kawai kuke yi, 'yan'uwa. Sirrinta shiru ne. Kafin baitin ƙarshe a tsaya cak, duniya ta riƙe numfashi, sannan ni in sauko mata."

Aka laƙaba masa Sarkin Shiru. Ya ɗauka naɗi ne.

Da macin alfahari na bana ya ƙarato, wanda waɗannan maza da mata ke yi a titi duk shekara, ya hana kwamitin shirya shi sakat har suka ba shi bayan mota da lasifika. A ƙarshe dai za a ji shi! Ya daina yi wa kowa magana don adana murya, daga shayi sai zuma. Maƙwabta suka ce ba su taɓa jin daɗin unguwar haka ba.

Ranar ya fito cikin alkyabba mai ƙyalli. Kai, baitin farko ya yi daɗi, a ba shi haƙƙinsa. Titi maƙil, tutoci kala-kala, kowa na tsalle. Aka iso wurin shirun. Lionel ya ɗaga hannu, ya lumshe ido, ya yi tsit.

Wa zai jira shi? Mutanen da suka yi rabin rayuwarsu suna shiru? Dubban bakuna suka afka wa baitin ƙarshe, masu murya da masu kukan jaki, wasu na hawaye, wasu na ƙyalƙyala dariya.

"Ku tsaya! Ba yanzu ba!" Lionel na ta kaɗa hannu. Suka ɗauka gaisuwa ce, suka kaɗa masa nasu.

Wata tsohuwa da ke tafe gefen motar, riƙe da hannun ɗanta da na saurayinsa, ta lura bawan Allah ya daina rerawa. Tausayi ya kama ta. Ta jawo bakin alkyabbarsa.

"Haba ɗana, kar ka ji kunya," ta ce. "Ni ma bara ban iya ta ba. Bi bakina, zan koya maka."