Gidan Rinar da Na Fasa a Murhun Abu Fahad

Ba na jin zan taɓa mantawa da sanyin shekarata ta biyu a Riyad, lokacin da na yi injiniyanci na kwana uku.

Asalin aikina ban ruwan shuka ne a istiraha, wato gidan shaƙatawar kafil ɗina, maigidan da ya ɗauko ni aiki, Abu Fahad, can bayan unguwar Shifa. Sau ɗaya na taɓa gyara famfo, tun daga ranar yake kirana "muhandis", wato injiniya, ni kuma ban musa ba. Har ya ce in an zo sabunta iƙama, takardar izinin zama, zai mayar da ni mai kula da gyare-gyaren gidan, in huta da jan tiyo cikin rana. Kafin magariba labari ya isa garinmu Maradi (ni na aika shi).

A majalisin baƙi akwai murhun itace na ƙarfe mai ƙofar gilashi, wanda ya sayo daga waje. Abin taƙamarsa shi ne ba ya hayaƙi. Kwatsam sai ya fara. Wuta na ci a kasale, gilashin ya yi baƙi, allurar ma'aunin zafi ta ƙi hawa, bututu kuma na ta tuƙar hayaƙi kamar gidan burodi. Abu Fahad ya ce zai kira kanti. Na ce, "Mafi mushkila, ya mudir, ba matsala maigida, bar min shi."

Da murhun ya huce na kwance murfin sama na haska. Ga wani abu nan a hanyar hayaƙi, kewayayye, duk ƙananan ramuka, toka ta cike su. Ina gani na gane shi, don na girma ina kakkaɓe irinsa a rumbun kakata. Gidan rina ne. Taurinsa ya ɗan ba ni mamaki, amma na ce ƙasar da komai siminti ne, rinarta ma ta koya. Na fesa maganin ƙwari, na jira, sannan na sa sukundireba da guduma na farfasa shi tas.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na jera gutsattsarin a faranti, ranar Alhamis bayan la'asar na kai gaban Abu Fahad da baƙinsa suna shan gahawa. Da Larabcina na kasuwar Batha na yi musu bayanin halin rina da yadda take son ɗumi. Wani dattijo ya ce masha Allah, ya ɗauki hoto.

Aka hura wuta. Ta kama da gudu, ta cinye itacen yini guda kafin isha'i, hayaƙi ya fi na da, allura kuwa ko gezau. Abu Fahad ya kira kanti.

Ranar Asabar mai gyara ya zo, Malam Ilu, dattijo mutumin Damagaram. Na ji daɗi, na ce ga na gida. Ya leƙa cikin murhun ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ina abin da ke nan?"

Abu Fahad da kansa ya ɗauko farantin. Malam Ilu ya duba, ya je mota ya dawo da kwali, ya buɗe a gabanmu. Gidan rina ne sabo fil, a cikin leda, har da lamba.

Ya yi bayani da Larabci, ya maimaita da Hausa don kada wani abu ya wuce ni. "Wannan shi ke ƙone hayaƙin. In ya toshe, buroshi mai laushi ake sa masa. Sai ya tsage ko ya daina ɗaukar zafi ake canzawa. Naka ɗin nan kuwa da sauran ransa ka fasa shi." Ya naɗe sabon da zaren da wuta ba ta ci, ya zura shi, ya nuna mana a bar hannun ƙofar hayaƙi da ke gefe a buɗe sai allura ta hau kafin a rufe. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, amma ina ta gyaɗa kai kamar da ni aka ƙera shi.

Sai Malam Ilu ya ƙara da cewa, "Jiƙaƙƙen itace ke toshe shi. Ina kuke ajiye naku?"

Muka zagaya baya. Ga itacen nan jibge a jikin furanni, ga tiyona kwance a kansa yana ɗiga. Wata biyu ke nan ina ba shi ruwa kowace safiya.

Abu Fahad bai yi faɗa ba. Dariya ya yi har ya dafa bango, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya muhandis. Koma wajen shukarka." Iƙama ta fito da aikina na da.

Na dai koyi cewa in abu ya yi kama da na garinku a ƙasar mutane, ka yi tambaya kafin ka ɗauko guduma. In kuma ka riga ka fasa, kada ka sa a faranti. Mutanen Maradi kuwa har yau muhandis suke ce min, ban samu sukunin gyara musu ba tukuna.