Kyamarar Kawu Ku-Matso Ta Tafi Da Hoto A Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi jawur saboda kallon kwamfuta, dattijon nan da dangi ke kira Kawu Ku-Matso yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabansa ya gyara wuyan riga, rasuwar kyamararsa, 'yar ƙarama mai ruwan toka, wadda ta cika a kan teburin mai gyara bayan doguwar jinya. Mai gyara ne ya tabbatar da rasuwar. Shi Kawu har yanzu bai gama yarda ba, domin in ya danna ta tana buɗe ido.

Marigayiyar ta shigo gidan ne tun hoton waya yana fitowa dishi-dishi, kuma ta ƙare rayuwarta cikin hidima. Ba ta da girman kai. Ta ɗauki jarirai suna tsala ihu, ta ɗauki 'yan makaranta riƙe da sakamakon da bai cancanci hoto ba, ta ɗauki ƙanin Kawu a jingine da motar da ba tasa ba, ba ta kuma taɓa tona masa asiri ba. In an kunna ta sai ta ce “zuuu”, ta miƙo hanci. In ta ɗauka ta ce “ƙyas”. Ban da waɗannan biyun ba a taɓa jin bakinta ba. Surutun duk na maigidanta ne, wanda bai taɓa ganin taron da ya matsu yadda yake so ba, har sunan ya bi shi.

Kawu mutum ne mai tsari, tsarin ne kuma ya ja masa. Duk aka tashi daga taro sai ya zare katin memori daga cikinta, ya naɗe a takarda, ya sa a gidan tabarau, wai kada yara su yi wasa su goge masa aiki. Don haka in dai a gida take, babu kati a jikinta.

A irin wannan hali ne wata rana ya hau kujera a falo zai ɗauki hoton sabon labule. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta son hoto ko kaɗan. Da ta hango kyamara sai ta kare fuska ta ce, “Malam, don Allah ka rabu da ni da abin nan naka.” Duk hotunanta na gidan, in ba tafin hannu ba, to ƙeya ce. Ranar sai ƙafar kujera ta karye, Kawu ya taho ƙasa gaba ɗaya, yatsansa ya danna ba da izininsa ba. Hoton ya fito a karkace, rabi fanka, rabi ita, a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, tana ƙyaƙyata dariya har ta manta da rufe fuska. Da yake babu kati, kyamarar ta adana shi a ɗan cikinta. Shi ne kaɗai hoton fuskar matar nan da ya rage, in aka cire na katin shaida, inda ta fito kamar wadda aka kama da laifi.

Bai taɓa juye shi a kwamfuta ba. Me ake sauri? Duk sanda ya so ganinta sai ya danna, ga ta. Bayan matar ta rasu ma haka ya ci gaba, sai dai dannawar ta ƙaru.

Ciwon ajalin kyamarar ya faro ne da ɗigon baƙi a kusurwar gilashin baya, inda ake kallon hoto, kamar biro ya fashe a aljihu. Kawu ya goga da bakin riga, bai gogu ba. Baƙin ya cinye fanka, bai damu ba, dama fankar ta lalace tuntuni. Ya cinye ƙofar kicin. Ranar da ya taɓa ludayi, Kawu ya tashi neman kebul.

An yi iya yi, wannan kam a shaida. Ya jona ta da kwamfuta yana jiran ƙarar “tulun” ɗin nan da suka saba gaisawa da shi, kwamfuta ta yi gum kamar ba ta taɓa sanin ta ba. Ya cire, ya hura ramin, ya mayar. Ya canza rami. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ya kashe kyamara ya kunna, ya kashe su tare ya ba su lokaci ko za su shirya. Babbar 'yarsa ta kai ta kwamfutar ofishinsu, ta dawo da ita a jaka yadda ta tafi da ita. Surukinsa, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa “ban sani ba” ba, ya zo da kebul cike da leda, ya nannaɗe hannun riga ya ce, “Baba, ai wannan ƙaramin abu ne, yanzun nan.” Ya ci abincin rana a gidan, ya ci na yamma, sannan ya ce laifin kwamfutar ne. An gwada ɗaukar gilashin da waya, abin da ya fito layi-layi ne da ƙyallin goshin Kawu.

Daga nan aka garzaya da ita wurin mai gyara, a wani ɗan shago mai warin dalma, inda gawarwakin irinta ke jibge a kwali. Ya jujjuya ta, ya jona, ya cire.

“Baba, ba zan ɓoye maka ba,” in ji shi. “Ba ta gaya wa kwamfuta cewa tana da ajiya a ciki. Akwai inda ake shiga a saiti a gyara haka. Akwai ma inda za a ce ta kwafe hoton zuwa kati. Amma rubutun duk yana ƙarƙashin baƙin nan, ba na ganin komai. Kuma a jerin nan ne ‘goge duka’ yake, maƙwabtan juna ne.”

Kawu ya tambayi sabon gilashi.

“An daina yin irinsa. In ka ce in danna a makance, zan danna. Amma sai ka faɗa da bakinka.”

Mutumin da ya yi shekaru yana ba taron jama'a umarni, wannan ya durƙusa, wancan ya ɗaga kai, yau umarni ɗaya ya gagare shi. Tsoro ya ji, irin wanda bai ji ba tun a barandar asibiti lokacin jinyar matarsa. Ya miƙa hannu ya ce, “Bar ta kawai.” Wannan shi ne lokacin da iyali suka ɗauka a matsayin lokacin cikawa.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka mai mataccen zif, da katunan memori cike da hotunan mutanen da ba su ma tuna an ɗauke su ba. Ta bar kwamfuta, wadda iyali ba su gayyata ba. Ta bar maigidanta.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba za a binne ta ba, kuma masu sayen tsofaffin kaya su daina tsayawa a ƙofa. An shimfiɗe ta a kan tawul a teburin falo, jone da caji. Masu ta'aziyya za su iya zuwa bayan la'asar, su shiga ɗaya bayan ɗaya. Kawu ne kaɗai zai riƙe, shi ne kaɗai zai danna. Ba a buƙatar shawara, ba a buƙatar kebul.

Wanda ke son ganin uwar gidan ya hanzarta. Zuwa safiyar yau baƙin ya rufe bakinta, idanu ne suka rage. Kawu yana kuma roƙon duk wanda ya san ta sosai, in ya zo ya ɗan zauna, akwai tambayar da yake jin kunyar yi wa 'ya'yansa. Ya san in ta yi dariya kumatunta ɗaya ne ke loɓawa. Tun jiya yake ƙoƙarin tuna ko na dama ne ko na hagu.