Ƙafar Hagu a Daron Tarwaɗa

Bayan la'asar a wani masallacin bakin ruwa a garin Warra, na miƙe na yi wa masunta faɗan fita daga masallaci babu addu'a, surukina yana sahun gaba. Na ce kowa ya kalli yadda ake yi.

Na lumshe ido, na ɗaga murya ina roƙon falalar Allah, na miƙa ƙafar hagu waje. Sai ji na yi tsundum cikin daron tarwaɗa masu rai da wani ya ajiye a bakin ƙofa. Na saki salati, jama'a suka yi cirko-cirko.

Surukina ya leƙa daron ya ce, "Malam, ko ƙarewa ba ka yi ba an ba ka."

Har yau, duk mai shiga kwalekwale sai ya ce in ara mishi ƙafata.