Rasuwar Ɗan Toka, Kaset Ɗin da Ya Tafi da Shaidar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da talabijin mai cike da duhu, Auta mai yankan makulli na ƙarƙashin bene yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem, rasuwar kaset ɗinsa Ɗan Toka. Marigayin ya cika ranar Asabar da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a falo, a hannun Yaya. Ya rasu yana da shekara biyu da wata uku a gidan, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, wadda in za a faɗi gaskiya Auta ne ya sha wahalarta.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kaset ne irin na zamani da ake ƙera wa tsofaffin na'urorin gem, waɗanda ake jonawa da talabijin mai ƙeya. A da, kaset ɗaya gem ɗaya ne. Shi kuwa an yi masa 'yar kafa a ka inda ake zura memori, ya haɗiye gem ɗari huɗu ko gyatsa bai yi ba. Cikin ɗari huɗun nan guda ɗaya tak Auta yake bugawa, wanda a gidansu ake kira Mai Tsani, saboda ba wanda ya iya karanta rubutun sunansa na ainihi. Wani ɗan gajeren mutum ne yake gudu da tsani a kafaɗa, ana jefo masa tukwanen fure daga sama, shi kuma yana kaucewa. Ba a san laifin da ya yi wa mutanen saman ba.

Dole a faɗi abin da ya kawo marigayin gidan, don a gane girman rashin. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Yaya, wan Auta, ya ci maki 412,300 a Mai Tsani. Ya rubuta lambar da biro a cikin murfin kabad ɗin Inna, ya sa Inna ta dangwala yatsa a ƙasa. Tun daga ranar ya ajiye gem, ya ce ba a mayar wa gwani jarrabawa. Yau Yaya shugaban makaranta ne, kansa ya yi sanƙo, amma ba a taɓa taruwa a gidan Inna an watse bai karanto lambar nan ba, har da sifili biyun ƙarshe. Auta kuwa shekararsa arba'in da huɗu, da mata, da shago, da furfura uku a gemu, amma a duk zaman dangi shi ne dai yaron da bai taɓa wuce Yaya ba. Abin yana cin sa a rai fiye da yadda yake bari a gani.

Da tsohon kaset ɗinsu na yarinta ya daina tashi, Auta bai yi gaggawa ba. Wata bakwai ya yi yana kwatanta kaset uku a bayan kalandar shago, ya ja layi, ya yi gida-gida. Akwai Baƙi, mai tsada, wanda yake adana maki da kansa. Mai sayar da shi wata baiwar Allah ce da ke amsa saƙo kafin shayi ya huce, har da zane da kibiya. Tambaya sittin da ɗaya Auta ya yi mata, ta amsa duka, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Akwai Ja, matsakaici, wanda mai shi kalma ɗaya ya iya, ko an tambaye shi launi ko nauyi ko lafiyar iyali: akwai. Sai Toka, mai araha, wanda mai sayar da shi ya yi kwana tara bai amsa ba, rana ta goma ya buɗe saƙonsa da “Aboki abin ƙauna.”

Auta ya karanta wannan sau huɗu. Shekara ashirin yana yanka wa mutane makulli, ba wanda ya taɓa kiransa da abin da ya wuce “Mai makulli, yi sauri.” Maiɗakinsa ta ce, “Ita waccan da ta amsa maka tambaya sittin fa?” Ya ce ai ita aikinta take yi, wannan kuwa ƙauna ce. Haka Ɗan Toka ya iso cikin ambulan mai kumfa, bayan sati shida, da 'yar takardar bayani wadda ba ta kai tafin hannu ba.

Za a daɗe ana tuna halayensa na gari. Mai haƙuri ne, bai taɓa ƙorafin cewa gem ɗari uku da casa'in da tara suna zaune a cikinsa ba aikin fari ba na baƙi. In an zura shi a na'ura yakan ce “ƙwas,” a natse, sau ɗaya. In an kunna, sai ya yi jim kamar mai tuno sunan baƙo, sannan ya rera “tirin-tin-tin,” wadda maiɗakin Auta ta tsana har ta fara yin ta da baki in tana wanke-wanke. Bai taɓa tona asirin ubangidansa ba, duk da ya ga tukunyar fure ta fashe masa a ka sau dubbai a mataki na tara. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba a ɓoye wa masu makoki: ba ya riƙe maki sai an danna maɓalli kafin a kashe. Takardar bayanin ta faɗi haka. Sai dai na'urar maɓalli biyu gare ta, ɗaya na kashewa, ɗaya na komawa farko, kuma yatsan da aka zana a takardar yana nuni ne daidai tsakiyarsu.

Ciwon ajali ya fara ranar wata Talata, lokacin hutun rana. Auta ya hau sama cin abinci, ya ce bari ya taɓa sau ɗaya. Ya wuce mataki na tara. Ya wuce na goma sha biyu, inda bai taɓa zuwa ba, inda tukwanen suke zuwa bibbiyu. Da ɗan gajeren mutumin ya faɗi a ƙarshe, lamba ta tsaya a allo: 412,850. Abincin Auta ya huce a gabansa, hawaye suka zubo masa, bai ma share ba.

Ya ɗauki hoto da waya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton talabijin mai ƙeya ya san abin da ya fito: wani baƙin layi kwance, daidai kan lambar. Ya ɗauka sau goma sha huɗu, layin yana bin lambar kamar an aiko shi. Ya miƙa yatsa zai danna maɓalli, ya tuna bai san wanne ba ne, ya janye. Sai ya ɗauko mayafin tebur ya lulluɓe talabijin ɗin, ya rantse ba mahaluƙin da zai ji lambar nan daga bakinsa, ko maiɗakinsa, sai Yaya ya gani da idonsa. Ya kira Yaya ya ce, “Yaya, ka zo ka ga wani abu.” Yaya ya ce ana jarrabawa, sai Asabar ta sama.

Daga nan aka shiga jinya. Don gudun ɗaukewar wuta, Auta ya kinkimo babban batirin da injin yankan makulli yake aiki da shi, ya hau da shi bene ya jona wa marar lafiya. Shago ya koma wurin ba da haƙuri. Wani mutum da ya kulle kansa a waje ya zo, aka ce masa ya dawo bayan kwana goma. An hana shara a falo. An hana tafiya da ƙarfi. An juya fanka ta daina kallon mutane ta koma kallon na'ura, kyanwa kuma aka kai ta gidan maƙwabta hutu.

Kullum da safe Auta yana rubuta wa mai sayarwa tambaya ɗaya: wane maɓalli? Rana ta uku amsa ta zo. “Aboki abin ƙauna, mun ji damuwarka da dukan zuciya. Ka aiko da bidiyo.” Ya aika. Rana ta shida aka ce bidiyon yana da baƙin layi, ya aiko da wani. Rana ta takwas aka tambaye shi ko ya gwada kashewa ya sake kunnawa. Rana ta goma aka roƙe shi, in ya gamsu da kulawar da ya samu, ya ba su tauraro biyar. Maiɗakinsa ta ce ya tambayi baiwar Allah mai Baƙi mana, ai cikin minti goma za ta faɗa masa. Ya ce da wace fuska, bayan tambaya sittin da ɗaya bai sayi ko ƙusa ba.

Ranar Asabar Yaya ya iso, ya gaisa, ya sha ruwa, ya ce to mene ne. Auta ya yaye mayafin da hannu biyu. Kwana goma sha ɗaya na zafi sun taɓa marigayin, hoton yana ɗan karkarwa, amma lambar tana nan, kowane harafi a tsaye. Yaya ya tsaya a gaban allon, hannuwa a baya, kamar mai duba takardar ɗalibi.

“Hoton nan na rawa,” in ji shi. “Datti ne.”

Kafin Auta ya buɗe baki, Yaya ya sunkuya, ya zare kaset ɗin na'ura tana kunne, ya kai baki ya hura, fuu, fuu, daga wannan gefe zuwa wancan, yadda suke yi tun suna yara. Ya mayar. Marigayin bai ce “ƙwas” ba. Ya yi wani siririn “tiii” mai tsawo, wanda ba a taɓa jin ya yi ba, allon ya yi kore, ya yi toka, ya yi baƙi. An kunna an kashe har magariba ta kawo kai, bai sake cewa komai ba.

“Ni dai ban ga komai ba,” in ji Yaya yana karkaɗe gwiwa. “Tabarauna yana mota.”

Iyalai ba sa zargin kowa. Hura kaset tarbiyya ce, duk wanda ya tashi a wancan zamani bakinsa ne ke riga hankalinsa. Sai dai an lura tabarau ɗin yana rataye a wuyan Yaya, da igiya.

Marigayin ya bar na'ura guda, wadda yanzu take zaune baki buɗe. Ya bar hannun gem biyu, ɗaya mai lafiya, ɗaya da ake ba baƙi. Ya bar memori wanda aka duba aka tarar bai riƙe komai ba, da takardar bayani mai yatsa a tsakiya, da talabijin mai ƙeya da ya rasa abokin hira. Ya kuma bar Auta, wanda ya yi kwana uku yana yanka makulli a karkace.

Ana godiya ga mai sayarwa, wanda saƙon ta'aziyyarsa ya iso kwana biyu bayan rasuwar: “Aboki abin ƙauna, injiniyanmu ya ce maɓallin dama ne.” Ya haɗa da rangwamen kaso biyar a kan na gaba.

Akwai abu ɗaya da ya faru bayan haka, wanda Auta ya yarda a sa a sanarwar nan bisa sharaɗin kada kowa ya kai wa Yaya. Duk saƙon dangi shagon Auta ake kawowa, don shi ne kullum yake nan. Yaya ya bugo waya ya ce wani ɗan kwali zai zo, littattafan makaranta ne, kada a buɗe. Kwalin ya zo, bai kai girman bulon sabulu biyu ba. Auta bai buɗe ba. Amma a bayansa an manna takarda, da rubutun da ya sani sarai, har da kibiya, don ita baiwar Allah mai Baƙi a waje take manna amsarta kada abokin ciniki ya ce bai gani ba.

“Ranka ya daɗe, ga amsoshin tambayoyinka. Na ɗaya, eh, wannan yana adana maki da kansa. Na biyu, kada a hura shi, ko kaɗan. Na uku, eh, mai shekara hamsin da ɗaya zai iya wuce 412,850 a gem ɗin mai tsanin nan, amma sai ya dage.”

Auta ya karanta lambar harafi-harafi, har da hamsin ɗin ƙarshe, lambar da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ja kujera ya zauna. Abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jiran ji daga bakin wansa, ga shi manne a bayan kwali da salatif. Ya ɓamɓare takardar a hankali, ya linke ta ya sa a aljihun gaba. Da Yaya ya zo da yamma, ya miƙa masa kwalin ya ce, “Ga littattafan, Yaya.” Yaya ya karɓa ya ce madalla, bai kalle shi ba.

Za a yi wa Ɗan Toka sallama ranar Laraba bayan an rufe shago. Za a naɗe shi a ƙyallen goge tabarau, a kwantar da shi a durowar ƙasa, kusa da makullan da ƙofofinsu suka daɗe da ɓata. Auta zai karɓi gaisuwa a kan bencin ƙarƙashin bene. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo fure, musamman a tukunya, kuma kada kowa ya hura komai, ko da shayinsa ne.

Yaya ya aiko da uzuri cewa ba zai samu halarta ba, babban yatsansa na dama ya kumbura, wai aikin sa hannu a takardu ne ya yi yawa. Auta ya ce a gaishe shi da jiki, a ce ya riƙa tsoma yatsan a ruwan ɗumi, kuma in ya kai mataki na tara ya tsaya ta hagu.