Ranar da na kira surukata ɓarauniya

Ba na jin zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na zauna a gaban surukata na kira ta ɓarauniya, har ina ɗaga murya don ta ji da kyau.

Ni 'yar Damagaram ce, aikin koyarwa ya kawo ni Diffa, aure ya zaunar da ni. Lokacin ina amarya, kuma ba ni da burin da ya wuce Inna, uwar maigidana Bukar, ta so ni. Mace ce mai shiru-shiru, ni kuwa Allah ya yi ni da surutu da son jin ƙwaƙwaf. Da kakar tattasai ta zo, matan gida da maƙwabta suka baje tabarmi suna cire hancin busasshen tattasai. Na gwada, na yi ta atishawa har aka tausaya mini. Sai na ce bari in riƙa karanta musu littafi suna aiki.

Labarin zamanin kakanni ne, na wani gida a bakin kogi irin namu. Matar gidan ba ta haihu ba, ƙanwarta ta ba ta jariri, aka rufe zancen, yaro ya girma har ya yi gemu bai san wadda ta haife shi ba. Duk ƙarshen babi sai gardama ta kaure. Yagana maƙwabciyarmu ta ce laifin mijin ne da ya yi shiru. Wata ta ce ita ƙanwar take tausayi. Inna kuwa ko uffan.

Shirun nan ya tsaya mini a rai. (Ni fa in mutum ya yi shiru, ji nake kamar ya kulle ɗaki ya tafi da makulli.) Na ƙudura sai na ji ra'ayinta, in kuma nuna mata ɗanta ya auro mai tunani. Na rufe littafi, na gyara zama kamar ina gaban aji.

"Ni dai, Inna, a ganina matar nan ɓarauniya ce. Wata ta sha naƙuda, ke ki karɓe sunan uwa?"

Yagana ta take mini ƙafa. Na zaci faifai take so, na miƙa mata, na ci gaba.

"Wallahi in ni ce yaron, ranar da na gane, ba zan ƙara cin tuwonta ba."

Hannaye suka tsaya. Inna ta kakkaɓe zanenta a hankali, ta dube ni.

"To, 'yata, in Bukar ya shigo ki gaya masa ya bar cin tuwona. Falmata ce ta yi naƙudarsa. Ni goyo na yi."

Ya Falmata! Ƙanwar Inna da ke Geskeru, wadda Bukar ke durƙusa wa har ƙasa, mai wushirya irin tasa sak. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in ba da haƙuri, atishawa ta fito.

Da Bukar ya dawo na faɗa masa ina kuka, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai duk unguwa an sani, ni ma tun ina yaro na sani. Ba ki tambaya ba ne." (Ni, wadda na san kuɗin zanen kowace mace a layinmu.)

Washegari na bar littafin a ɗaki, na je na durƙusa gaban Inna, kaina a ƙasa. Ta bar ni na gama kame-kamena, sannan ta ce, "Ina littafin? Ina so in ji ko yaron ya yafe mata."

Ban taɓa yi wa marubuci addu'a kamar ranar ba, don ban san ƙarshen ba. Na ɗauko littafin, na karanta har inda yaron ya zauna ya ci tuwon matar, ya kira ta uwa. Inna ta ce, "Ya kyauta." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce tattasan bana yaji gare shi.

Har yau ina yi musu karatu. Amma in an zo faɗin ra'ayi, sai kowa a tabarmar ta gama nata, sannan in ce ni ma haka na gani.