Ranar da Na Auna 'Yan Ƙwallon Kwando da Tef

Matso ka ji abin da na jawo wa kaina. Ni tela ne a Barnawa, ni ke ɗinka rigunan 'yan ƙwallon kwandon unguwarmu. Da ƙungiyar ƙwararru za ta zo zaɓen mai raba ƙwallo, sai na jera sunayen samari biyar a takarda bisa tsawonsu, na manna ta a ƙofar shago. Ai kwando a sama yake! Bitrus gajere ya zo ƙarshe. Har na ce wa mahaifiyarsa, "Mama, kawo shi ya koyi ɗinki."

Shi kaɗai aka ɗauka. Unguwa ta ɓarke da murna, har ni na taka rawa. Yanzu duk ya zo wucewa sai ya leƙo: "Koci, keken ɗinkina yana nan?"

Tsakani da Allah, kai da wa za ka zaɓa?